JAN ƊIGO A GADON BAYAN BINDIGA: Ƙaramin Madubi Ko Babba?

Duk wanda ya saba duba hotunan sojojin Amurka da na ƙasashen Turai, tun daga yaƙin Afganistan na 2001 da na Iraƙi na 2003 har ya zuwa yau, ba zai rasa lura da wani ɗan abu da ake ɗaurawa a gadon bayan bindigoginsu ba. Wani a gan shi kamar guntuwar tocila, wani kuwa bai wuce ɗan ƙaramin gwangwanin tumatir ba. Galibin jama'a sukan ɗauka madubin hangen nesa ne, irin wanda ke jawo abin da ke can da nisa ya kawo shi kusa. To, ba haka ba ne. Wannan madubi ba ya ƙara wa kome girma ko da ƙwayar zarra. Abin da mai leƙawa zai gani a cikinsa shi ne duniya kamar yadda take, sai kuma wani jan ɗigo guda ɗaya tak yana rataye a tsakiya. In an daidaita madubin da bindigar sosai, inda ɗigon nan ya sauka nan harsashi zai nufa.

Ana ƙera wannan madubi iri biyu, akwai babba akwai ƙarami, kuma tun shekarar 2007 ake ta ja-in-ja a tsakanin sojoji da 'yan sanda da mafarautan ƙasashen da ake amfani da shi a kan wanda ya fi dacewa. Gardamar ba ta masu zaman banza ba ce. Sojan da ya ɓata daƙiƙa guda yana lalube kafin ya ga ɗigonsa yana iya rasa ransa, maharbin da ya yi kuskure kuwa yakan bar dabba ta shige kurmi da rauni ta kwana tana wahala.

A nan Nijeriya dai Dokar Makamai ta 1959 ba ta bar wa kowa ƙofa a buɗe ba. Bindigar yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, ta farauta sai da na Sufeto Janar na 'Yan Sanda, ita kanta bindigar toka sai da takardar Kwamishinan 'Yan Sanda. Saboda haka akasarin masu karatu ba za su taɓa shiga kanti neman wannan madubi ba. Amma duk ranar da wata hukumar tsaro ta tashi sayen irinsa, da kuɗin jama'a za ta saya, kuma 'ya'yan jama'a ne za su rataya shi su shiga daji. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a san yadda maganar take.

ASALIN ABIN

Tun da aka fara ƙera bindiga mai saiti, hanyar auna abu ɗaya ce. Akwai ɗan ƙarfe mai tsaga ko huda a kusa da ido, akwai wani ɗan tsinke a bakin bindiga, sai maharbi ya jera su biyun su yi layi ɗaya da abin da zai harba. Wahalar da ke ciki ita ce idon ɗan Adam ba ya iya tsayawa a wuri uku lokaci guda. In ya tsaya a kan tsinken gaba, sai abin harbi ya yi dishi-dishi. In ya koma kan abin harbi, sai tsinken ya ɓace masa. Matashi mai ƙarfin ido yakan yi ta tsallake-tsallake a tsakaninsu da sauri har bai san yana yi ba, amma da zarar mutum ya haura shekara 40 sai ido ya fara ƙin wannan aiki. Da almuru kuwa ko a cikin duhuwar itatuwa, yaro da babba duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Wanda ya fara samo bakin zaren shi ne Howard Grubb, wani mashahurin maƙerin madubin duba taurari a birnin Dublin na ƙasar Ayaland, wanda a 1900 ya yi rajistar wata dabara ta haska alamar saiti a jikin gilashi, ta yadda ido zai gan ta kamar tana can tare da abin harbi. Jiragen saman yaƙi suka fi cin moriyar dabarar, musamman a Yaƙin Duniya na Biyu, domin jirgi yana da wutar lantarki da wurin ajiye kaya. Ga bindigar hannu kuwa sai da aka jira wani ɗan ƙanƙanen ƙwan fitila wanda ba ya cin wuta sosai, watau irin jan ƙwan nan da ake gani yana haske a gaban rediyo ko talabijin.

A ƙasar Suwidin aka haɗa abubuwan biyu. A 1975 wani kamfani mai suna Aimpoint, wanda mazauninsa ke birnin Malmo, ya fito da madubin farko mai jan ɗigo na lantarki, bisa zanen wani injiniya ɗan garin Helsingborg da ake kira John Arne Ingemund Ekstrand. Ba abin mamaki ba ne da ya zamana a can abin ya tsiro. Suwidin ƙasar farauta ce, inda sama da mutum 250,000 ke yankar takardar izinin farauta kowace shekara. Babban abin farautarsu wata ƙatuwar dabba ce da ake kira mus, mai dogayen ƙafafu da ƙahoni masu faɗi kamar tafin hannu, wadda namijinta kan kai kilo 500. Ana buɗe farautarta a watan Satumba a arewacin ƙasar, a kudu kuwa sai Oktoba. A 1982, shekarar da dabbar ta fi yawa, an harbe wajen 175,000. Kurmin ƙasar duhu gare shi, rana ba ta daɗewa a sama a wannan lokaci, dabbar kuma sau da yawa a guje take bayyana tsakanin itatuwa. Mai irin wannan farauta ba ya buƙatar a jawo masa nesa kusa. Buƙatarsa ya ga alamar saitinsa nan take.

Yadda madubin ke aiki ba shi da wuyar ganewa. A cikin bututun akwai ɗan ƙwan fitilar nan yana haska gilashin gaba. Gilashin a ɗan lanƙwashe yake, an kuma shafe shi da wani sinadari wanda ke mayar da jan haske kaɗai zuwa ido, ya bar sauran launuka su wuce. Saboda lanƙwasar, sai ido ya ga ɗigon kamar yana can nesa, don haka maharbi ya zuba wa abin harbi ido kawai, ɗigon ya zo ya same shi a can. Ya kamata a lura, ba a jikin dabba ko abokin gaba hasken ke sauka ba, kamar yadda ake gani a finafinai. Wancan wata na'ura ce dabam. Wannan ɗigo mai leƙawa kaɗai ke ganinsa.

Rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba kamfanin kwangila a 1997, ta kuma laƙaba wa madubin lambar M68. Kafin nan da shekara biyu, watau a 1995, ta riga ta tsayar da ma'auni guda na wani dogon ƙarfe mai tsage-tsage da ake shimfiɗawa a bayan bindiga, wanda ake kira Picatinny, sunan wata ma'aikatar makamai a jihar New Jersey, ta yadda kowane madubi zai hau kowace bindiga. Kamfanin ya ce yawan waɗanda ya miƙa wa sojan Amurka tun daga lokacin ya haura miliyan ɗaya. Duk waɗannan manya ne, masu bututu mai faɗin milimita 30 ko kusa da haka.

Ana nan sai a 2007 kamfanin ya fito da ɗan ƙarami, wanda ya sa wa suna Micro, da samfurin T-1 na masu ɗamara da H-1 na mafarauta. Daga nan gardama ta tashi.

ABIN DA AWO YA NUNA

Tun da kamfani ɗaya ne ke ƙera iri biyun, gwada su ya zo da sauƙi. Ƙaramin, ko T-1 ko magajinsa T-2, tsawonsa bai kai santimita 7 ba, nauyinsa kuma, in ba a haɗa da mazauninsa ba, bai cika giram 100 ba. Manyan da aka fi sani su ne CompM4, wanda ya zama sabon M68 na sojan Amurka, da kuma PRO, wanda aka fitar a 2011 musamman domin 'yan sandan sintiri. Kowannensu ya kusa ninka ƙaramin a tsawo, kuma da mazauninsa yakan haura giram 300. Tagar da ido ke leƙawa a ƙaramin faɗinta milimita 18 ne, a manyan kuwa milimita 23. Ɗigon dai iri ɗaya ne, wanda yakan rufe wajen santimita 6 na abin da ke nisan mita 100.

Mutum goma in suka shiga kanti aka miƙa musu biyun, da wuya tara ba su ce babban ya fi ba. Sai su kanne ido ɗaya su leƙa wannan, su leƙa wancan, su ce ai ƙaramin kamar leƙen kafar makulli ne. Maganarsu gaskiya ce in ana kanne ido. Sai dai kuma ba haka ake amfani da madubin ba, kuma a nan ne mafi yawan masu saye ke yin kuskure.

Akwai wani labari na yaƙin Biyetnam da ya warware wannan batu tun kafin a haifi madubin lantarkin. A daren 21 ga Nuwamba, 1970, wasu zaratan sojojin Amurka su 56, a ƙarƙashin Kanar Arthur Simons, suka dira da jirage masu saukar ungulu a wani sansani da ake kira Son Tay, kusa da birnin Hanoi, da nufin kuɓutar da 'yan uwansu fursunonin yaƙi. Sun tarar an riga an kwashe fursunonin tun watanni da suka wuce, amma ba wannan ne abin lura a nan ba. A lokacin da suke atisaye sun ga harbinsu da dare ba ya samun inda ake so, sai suka sayo wani madubi na kasuwa mai suna Singlepoint suka ɗaura a bindigoginsu, harbin kuwa ya gyaru ƙwarai. To, shi wannan madubi ba shi da taga sam. Gabansa a toshe yake. Idon dama in ya leƙa, baƙin duhu kawai yake gani da ɗigo a tsakiya, idon hagu kuma yana kallon fili, sai ƙwaƙwalwa ta ɗauki hotunan biyu ta ɗora ɗaya a kan ɗaya, mutum ya ga ɗigo a jikin abin da yake kallo.

Mai karatu yana iya gwada irin wannan da kansa a inda yake zaune. Ya naɗe takarda ta zama kamar bututu, ya ɗora a idon dama, ya kuma kawo tafin hannun hagu ya jingina da gefen bututun, ya bar idanu biyu a buɗe yana kallon nesa. Zai ga kamar an huda masa tafin hannu. Aikin ƙwaƙwalwa ke nan. Har wa yau wannan ne dalilin da ya sa ake sayar da PRO da murfin gaba baƙi, na baya kuma garai-garai, domin in abu ya taso wa ɗan sanda ba zato bai samu damar buɗe murfi ba, zai iya ganin ɗigonsa ya yi aiki a haka. Harbin ba zai yi daidai da na buɗaɗɗen madubi ba, don idanun wasu mutane sukan ɗan karkace in aka raba musu aiki, amma a kusa ya wadatar.

In kuwa madubin da ba shi da taga ya yi aiki, ashe bambancin milimita 5 ba shi ne zai hana mutum ganin fili ba. Idon da ke waje shi ke ganin fili. Hasali ma wasu maharba sun fi son ƙaramin a kan wannan dalili, domin gangar jikinsa ba ta tare musu gaba kamar ta babban.

INDA FAƊIN TAGA KE DA RANA

Wannan ba ya nufin faɗin taga ba shi da amfani. Yana da shi, amma a wani wuri dabam. Ɗigon nan ba ya bayyana sai ido ya zo a bayan bututu daidai gwargwado. In kai ya karkace da yawa, ɗigon yakan sulale ya fita ta gefen gilashi, sai a ga mutum yana ta juya bakin bindiga yana nemansa. Babbar taga takan yi wa maharbi uzuri, ta bar masa ɗigon ko da kuncinsa bai zauna a gindin bindiga yadda ya kamata ba. Ƙaramar taga uzurinta kaɗan ne.

Wanda ke tsaye a filin atisaye da rana tsaka, ya gyara tsayuwa ya kafa kunci, ba zai taɓa jin wannan bambanci ba. Wanda zai ji shi ne sojan da ke kwance a gefe guda yana leƙe ta ƙarƙashin mota, ko wanda ya canja bindiga zuwa kafaɗar hagu don ya leƙa kwanar gini, ko wanda ya sa takunkumin kare guba a fuska, ko rigar sulke mai kauri da ke ture gindin bindiga daga inda ya saba zama. Haka nan maharbin Suwidin da ya jibga rigunan sanyi uku, ya yi awa huɗu a tsaye jikinsa ya sandare, sannan kwatsam dabba ta ɓullo ta bayansa. Daɗin daɗawa, akwai ɗan kurtun da bai wuce 'yan makonni da fara riƙe bindiga ba, wanda hannunsa bai riga ya koyi kawo ta wuri guda kullum ba. Gwani da ya ɗaga bindiga sau dubbai yakan tarar da ɗigonsa yana jiransa ko tagar ta kai ƙanƙantar me. Sabon shiga kuwa yana buƙatar duk sassaucin da zai samu. Wannan na daga cikin dalilan da ke sa hukumar da ke da dubban ma'aikata, gwani da wanda ba gwani ba, takan karkata ga babba.

A ɓangaren mafarauta akwai wani ƙarin dalili. Bindigoginsu na gargajiya an ƙera su ne domin dogon madubi mai zama a kan zobba biyu, don haka dogon samfuri irin 9000L yakan hau su ba tare da an canja kome ba. Dokar Suwidin kuwa ba ta wasa da batun rauni: wajibi ne masu farautar manyan dabbobi su tanadi ƙwararren kare mai bin sawu wanda zai iya isa wurin cikin awa biyu da yin harbi. Wanda ya taɓa kwana yana bin jini a cikin fadama da sanyi ba zai raina duk abin da zai ƙara masa tabbacin harbin farko ba.

NAUYI, BATIR DA KUƊI

Giram 200 da ke tsakanin madubin biyu kusan nauyin wayar salula guda ne, ko kusan rabin gidan harsashi cike da harsashi 30 na bindigar M4. A baki ba wani abu ba ne. Amma bindigar M4 ita kanta, ba harsashi, ba ta cika kilo 3 ba, kuma sojan zamani ba madubi kaɗai yake ɗora mata ba. Akwai tocila, akwai na'urar haska alama da dare, wani lokaci akwai madubin ƙara girma sau uku da ake kafawa a bayan mai jan ɗigon, a tura shi gefe in ba a buƙata. Kowanne yana neman wurin zama a kan ƙarfen nan mai tsage-tsage, kowanne kuma yana ƙara nauyi. Wanda zai yini yana hawan duwatsun Afganistan ya san darajar kowane giram, shi ya sa ƙananan rundunoni na musamman, waɗanda ake bari su zaɓi kayansu, suka yi saurin rungumar ƙaramin.

Akwai bindigogin ma da ƙaramin ne kawai ke yi musu daidai. Kalashnikov, wadda kowa ya sani da AK-47, murfin bayanta ba a kafe yake daram ba, yakan ɗan motsa, don haka madubin da aka ɗora a kansa ba ya riƙe saiti. Sai dai a kafa shi a wani ƙarfe na gefe, ko kuma a can gaba a saman bututun iskar harsashi, inda nauyi ke saurin gajiyar da hannu. Babban madubi a wannan wuri kaya ne. Kazalika a bindiga mai tsananin naushin kafaɗa, abu mara nauyi bai cika jijjiga kusoshin mazauninsa ba kamar mai nauyi.

Da farko an yi zaton ƙaramin ba zai jure wahala ba. Shekaru sun ƙaryata wannan zato. Abin da ya rage na bambanci kaɗan ne: kamfanin ya ce T-2 yana jure nutso har zurfin mita 25, CompM4 da PRO kuwa mita 45. In ba mai ninƙaya a ƙarƙashin teku ba, babu wanda wannan zai dama.

Batir shi ne wurin da ya kamata a daɗe ana tunani, ko da yake shi masu saye suka fi tsallakewa. Bisa lissafin kamfanin, T-2 yakan yi awa 50,000 a kunne da batir guda, watau sama da shekara 5. CompM4 yakan yi awa 80,000, sama da shekara 8, PRO kuwa awa 30,000, sama da shekara 3. Saboda haka ba a kashe su ma, a kunne ake ajiye bindiga. Amma wannan lissafi na matsakaicin haske ne a wuri mai matsakaicin zafi. A ƙasa mai ƙwallelliyar rana irin ta Sahel, dole a ƙara wa ɗigon ƙarfi kafin a gan shi a kan farin rairayi, batir kuma ya ƙare da wuri. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, ran da ya ƙare ina za a sami wani? CompM4 yana cin batir ɗin nan ɗan yatsa, wanda ake sa wa agogon bango da ƙaramar rediyo, wanda ko a teburin mai kayan ƙoli na ƙauye ba a rasa shi. T-2 yana cin mai kama da kwabo, CR2032, irin na makullin mota, wanda sai a gari. PRO kuwa, duk da sauƙin kuɗinsa, nasa wani gajeren batir ne, DL1/3N, wanda ko a manyan birane sai an sha yawo. Jami'in da ya sayo wa runduna madubi dubu bai tanadi batirinsu ba, bayan 'yan shekaru zai tarar ya tara gilasai ne kawai a ma'aji.

Ga batun kuɗi, abin ya zo a juye, domin ƙaramin ya fi tsada. A kasuwar Amurka T-2 da mazauninsa yakan kusa ninka PRO a farashi, shi PRO kuma da mazauninsa da murafensa ake sayar da shi, daga kwali sai kan bindiga. Ƙaramin sau da yawa sai an saya masa mazauni dabam, a kuma zaɓi tsayin da ya dace. Ga bindigogi irin M4 an fi amfani da tsayin milimita 39, wanda ke barin saitin ƙarfe ya bayyana a ƙasan taga, don in madubi ya mutu a koma wa tsohuwar hanya. Da tsohuwar zuma ake magani. Gaskiya ne kamfanonin ƙasar Sin irin su Holosun sun cika kasuwa da ƙanana masu sauƙin kuɗi, wasunsu kuma sun yi suna mai kyau. Amma a bayansu akwai tarin na jabu, masu ɗauke da tambarin manyan kamfanoni, waɗanda aka yi domin bindigar wasan yara. Irin waɗannan harbi kaɗan ke watsa musu saiti. Araha ba ta ado.

Akwai abu biyu da babu girman madubin da ke maganinsu. Na farko, mutumin da ƙwayar idonsa ba ta daidaita ba, irin lalurar da ake yanka wa tabarau na musamman, ba ya ganin ɗigon a dunƙule. Sai ya gan shi kamar waƙafi ko tauraro mai wutsiya, ya yi ta zargin madubi alhali kuwa idonsa ne. Maganin wannan tabarau ne da rage ƙarfin haske. Na biyu, madubin ba ya taimaka wa mutum ya gane abin da ke nesa. A mita 300 ɗigon yakan rufe wajen santimita 18, harsashi kuma ya riga ya fara sunkuyawa, don kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Wanda aikinsa na dogon zango ne, ko wanda dole ya tantance ko sanda ce a hannun mutum ko makami, wani madubi yake buƙata dabam.

In aka auna duka, ga mutum guda mai bindiga guda, wanda zai yi atisaye da ita har hannunsa ya saba, kuma zai yi doguwar tafiya da ita a kafaɗa, ƙaramin ya fi, kuma ƙorafin ƙanƙantar taga ba hujja ba ce da za ta hana shi. Ga hukuma mai raba bindigogi ga ɗaruruwan hannaye, masu aiki a wuraren da kanti ke da nisa, babban mai cin batir ɗan yatsa har yanzu yana da hujjarsa, haka ma ga bindigar da ke zaune a mota ko a bakin ƙofa, wadda nauyinta bai dami kowa ba.

Su kansu maƙeran sun lura da inda kowane ɓangare ke da gaskiya, suna ta neman tsakiya. A 2015 kamfanin Trijicon na Amurka ya fito da MRO, gajere mara nauyi amma mai gilashin gaba na milimita 25. A 2017 Aimpoint ya fito da CompM5, mai taga irin ta Micro amma mai cin siririn batir ɗan yatsa na rimot, wanda shi ma aka ce yana yin awa 50,000.

A filayen koyon harbi na Suwidin kuwa, kafin a buɗe farauta, maharba sukan taru su gwada hannunsu a kan hoton mus da aka kafa a kan wata 'yar tarago mai gudu a kan dogo, a nisan mita 80. Hoton yakan tsaya cik a harbe shi, sannan ya zabura ya ratsa fili cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ƙungiyoyin farauta da yawa ba sa barin mutum ya bi su daji sai ya nuna shaidar ya ci wannan gwaji a shekarar, kuma a takardar shaidar inda harsashi ya samu ake rubutawa.